Karl Jaspers

Karl Theodor Jaspers (an haife shi ranar 23 ga watan Fabrairu, 1883, ya mutu ranar 26 ga watan Fabrairu, 1969) likitan masu taɓin hankali ne kuma masanin falsafa ɗan ƙasar Jamus, wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Suwizalan. Ya koyar a Jami'ar Heidelberg da Jami'ar Basel. A fannin likitanci an san shi da littafinsa na shekarar 1913 kan yadda ake nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa. A wajen jami'a kuwa an fi saninsa da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Die Schuldfrage, wato Batun Laifi, wanda ya fito a shekarar 1946. A cikinsa ya tattauna ko talakawan Jamus suna da alhaki a kan ta'asar da gwamnatin Adolf Hitler ta aikata kafin Yaƙin Duniya na Biyu da kuma lokacin yaƙin. Matsayinsa shi ne bai dace a kira al'umma gaba ɗaya masu laifi ba, amma kowane ɗan ƙasa yana da rabonsa na alhakin abin da gwamnatinsa ta yi da sunansa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Jaspers a garin Oldenburg da ke arewacin Jamus. Mahaifinsa, Carl Wilhelm Jaspers, masanin shari'a ne da ya zama daraktan banki. Mahaifiyarsa, Henriette Tantzen, 'yar gidan manoma ce. Tun yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya. Yana ɗan shekara 18 likita ya gano yana da wani ciwon huhu da ba ya warkewa, wanda ke buɗe hanyoyin iska ya tara majina a cikinsu. Ba a sa ran zai yi tsawon rai ba. Saboda haka ya tsara rayuwarsa da ƙa'ida mai tsauri: yakan yi aiki na 'yan sa'o'i ya huta, kuma ba ya yawan tafiye-tafiye. Wannan ciwo ne ya hana a ɗauke shi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk da haka ya kai shekara 86 a duniya.

Ya fara karatun lauya a shekarar 1901, ya yi shi a Heidelberg da Munich, amma bai ji daɗinsa ba. A shekarar 1902 ya koma karatun likita a Berlin, daga nan Göttingen, sannan Heidelberg. Ya samu digirin dakta a shekarar 1908 da wani bincike kan alaƙar kewar gida da aikata laifi. Binciken ya duba labarin ƙananan 'yan mata da aka kai aikatau nesa da iyayensu, waɗanda tsananin kewa ya kai wasunsu ga ƙona gidan da suke aiki ko halaka yaron da suke raino.

Aure

A shekarar 1907 ya haɗu da Gertrud Mayer, 'yar'uwar abokin karatunsa Ernst Mayer. 'Yar gidan Yahudawa ce, kuma ta girme shi da shekara huɗu. Sun yi aure a shekarar 1910, ba su haihu ba. Ita ce ke kula da lafiyarsa, tana kuma karanta rubuce-rubucensa kafin a buga su. Wannan aure ne daga baya ya jefa su cikin haɗari a zamanin mulkin 'yan Nazi.

Aikin likita

Jaspers ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na Jami'ar Heidelberg a ƙarƙashin Franz Nissl. A shekarar 1913, yana ɗan shekara 30, ya wallafa Allgemeine Psychopathologie, babban littafi kan nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa. A ciki ya nemi likita ya saurari yadda marar lafiya yake bayyana abin da yake ji da bakinsa, ya kuma san tarihin rayuwarsa, kafin ya laƙaba wa ciwon suna. Ya bambanta hanyoyi biyu na sanin halin mutum. Ta farko ita ce bayyana musabbabi, kamar a ce rauni a ƙwaƙwalwa ne ya jawo mantuwa. Ta biyu ita ce fahimta, wato gane yadda wani tunani ya haifi wani, kamar yadda cin amana ke haifar da zargi. Ya kuma koyar cewa wajen gane ciwo, sigar alamar ta fi abin da ke cikinta muhimmanci: jin murya alhali babu mai magana shi ne alamar, abin da muryar ke faɗi yana zuwa daga baya. Har yanzu ana karanta littafin a makarantun koyon aikin likita.

Komawa falsafa

A shekarar 1913 ɗin ya fara koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a tsangayar falsafa ta Heidelberg, kuma bai sake komawa aikin asibiti gadan-gadan ba. A farkon shekarun 1920 ya zama cikakken farfesan falsafa, ko da yake bai taɓa yin digiri a fannin ba, abin da ya sa wasu tsofaffin malamai suka daɗe suna yi masa kallon baƙo. Mutumin da ya fi tasiri a kansa shi ne masanin zamantakewa Max Weber, wanda ya mutu a shekarar 1920.

A shekarar 1932 ya fitar da Philosophie mai juzu'i uku. Ɗaya daga cikin ra'ayoyinsa da suka shahara shi ne na yanayin iyaka, wato al'amuran da mutum ba zai iya kauce musu ko gyara su da dabara ba: mutuwa, da wahala, da gwagwarmaya, da laifi. A ganinsa, sai mutum ya fuskanci waɗannan ba tare da yaudarar kai ba yake sanin ko shi wane ne. Ya kuma ɗauki tattaunawa ta gaskiya tsakanin mutum da mutum a matsayin hanyar kaiwa ga gaskiya. Wannan ya nuna cewa batun laifi yana cikin tunaninsa tun kafin Hitler ya hau mulki.

Daga cikin ɗalibansa akwai Hannah Arendt, wadda ta rubuta kundin digirinta na dakta a ƙarƙashinsa kan ma'anar ƙauna a tunanin Augustine, aka buga shi a shekarar 1929. Ya kuma yi abota da masanin falsafa Martin Heidegger tun daga shekarar 1920.

Zamanin mulkin 'yan Nazi

Da Hitler ya zama shugaban gwamnati a watan Janairun 1933, Jaspers yana cikin waɗanda suka zaci mulkin ba zai daɗe ba. A wannan shekara Heidegger ya zama shugaban Jami'ar Freiburg ya kuma shiga jam'iyyar Nazi. Daga shekarar ba su sake haɗuwa ido da ido ba har ƙarshen rayuwarsu, sai dai musayar wasiƙu jefi-jefi.

Saboda matarsa Bayahudiya ce, an fara cire Jaspers daga harkokin gudanar da jami'a a 1933. A shekarar 1937 aka tilasta masa yin ritaya, daga 1938 kuma aka toshe masa hanyar wallafa littattafai. An nuna masa cewa idan ya saki matarsa zai samu sauƙi, ya ƙi. A lokacin yaƙi ya samu damar tafiya Suwizalan, amma da sharaɗin ya bar Gertrud a Jamus, nan ma ya ƙi. Auren nasu ya ba ta 'yar kariya daga kamun da ake yi wa Yahudawa, sai dai kariyar ba ta da tabbas. Ma'auratan sun ajiye guba a gida, da niyyar su mutu tare idan 'yan sandan ciki suka zo ɗaukarsu. A ƙarshen yaƙi labari ya iske su cewa an tsara kwashe su ranar 14 ga watan Afrilu, 1945. Sojojin Amurka suka shiga Heidelberg ranar 30 ga watan Maris, mako biyu kafin ranar.

A tsawon waɗannan shekaru Jaspers bai shiga jam'iyyar Nazi ba, bai kuma fito fili ya yi adawa da ita ba. Ya zauna a gida yana karatu da rubutu. Bayan yaƙi bai yarda a kira shi jarumi ba. A jawabin da ya yi a watan Agustan 1945, lokacin sake buɗe tsangayar likitanci ta Heidelberg, ya sa kansa cikin waɗanda suka ga ana tafiya da abokansu Yahudawa amma ba su fita titi sun yi kururuwa ba, domin sun zaɓi su rayu. Ya ɗauki wannan tsira da kanta a matsayin wani nau'in alhaki.

Littafin Die Schuldfrage

Yanayin da aka rubuta shi

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945. Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba ƙasar gida huɗu, Heidelberg ta faɗa yankin Amurka. An kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, ban da fursunonin yaƙi na Sobiyet, da 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, da fararen hula a ƙasashen da aka mamaye. Sojojin ƙawance sun liƙa hotunan gawawwaki daga sansanonin gwale-gwale a garuruwan Jamus, tare da rubutun da ke ɗora laifin a kan mazauna garin. A watan Nuwamba aka buɗe shari'ar manyan jami'an Nazi a Nuremberg. A yankin Amurka an tilasta wa mutane cike takarda mai tambayoyi 131 kan abin da suka yi a zamanin Hitler. Su kuwa Jamusawa da yawa, da ke fama da yunwa da rusassun gidaje da rashin 'yan'uwa, suna cewa ba su san komai ba, ko kuma su ma an zalunce su.

A cikin wannan hali Jaspers ya gabatar da laccoci a zangon hunturu na 1945 zuwa 1946, a gaban ɗalibai da yawansu tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga fagen daga. Laccocin ne aka tattara aka buga a 1946. An fassara littafin zuwa Turanci a shekarar 1947.

Kalmar Schuld a Jamusanci tana ɗauke da ma'anar laifi, tana kuma ɗauke da ma'anar bashi, wato abin da ake bin mutum. Jaspers ya lura cewa mutane suna amfani da kalma ɗaya suna nufin abubuwa daban-daban, shi ya sa mai zargi da wanda ake zargi ba sa fahimtar juna. Sai ya raba ta gida huɗu, ya nuna wa kowanne wanda ke da ikon yin hukunci a kansa da abin da ke biyo bayansa.

Rabe-raben laifi huɗu

Na farko shi ne laifin keta doka. Wannan na wanda ya yi kisa ne, ko ya ba da umarni, ko ya taimaka, kuma za a iya tabbatar da shi da hujja. Kotu ce ke hukunci, sakamakon kuma horo ne. Mutum ɗaya-ɗaya ake kamawa da shi. A kan haka Jaspers ya goyi bayan shari'ar Nuremberg, a lokacin da Jamusawa da dama ke ganin ramuwar gayya ce ta waɗanda suka ci yaƙi. Ya ce shari'ar ma ta amfani Jamusawa, domin ta ware masu laifi da sunayensu maimakon a yi wa kowa kuɗin goro.

Na biyu shi ne alhakin siyasa. Wannan ya hau kan kowane ɗan ƙasa, har da wanda bai zaɓi Hitler ba da wanda ya ƙi shi a zuciya. Dalilin Jaspers shi ne duk wanda ke rayuwa a ƙarƙashin tsarin wata ƙasa yana da hannu a yadda ake mulkinsa, kuma mai cewa ba ruwansa da siyasa shi ma ya ɗauki matsayi, tunda shirunsa ya bar fili ga wasu. Wanda ya ci yaƙi ne ke yanke wannan hukunci, sakamakon kuma shi ne biyan diyya da rasa ikon siyasa na wani lokaci. A nan ma'anar bashi ta fi fitowa: ana biyansa tare, amma biyansa ba ya nufin mai biyan mugu ne.

Na uku shi ne laifin ɗabi'a, wanda ke tsakanin mutum da lamirinsa. Jaspers ya ƙi yarda cewa bin umarni yana wanke mutum, ko da soja ne. Ya lissafa hanyoyin da talaka ya faɗa cikin wannan laifi: ɗaga hannu a yi gaisuwar Hitler don a zauna lafiya, da shiga jam'iyya don kare aiki ko samun ƙarin girma, da yaba wasu ayyukan gwamnati kamar samar da aikin yi tare da kawar da kai daga sauran, da yaudarar kai cewa za a gyara abin daga ciki, da ɗaukar biyayya ga gwamnati a matsayin kishin ƙasa. Ya ambaci watan Nuwamban 1938, lokacin da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a bainar jama'a mutane suna kallo. Wannan laifi babu kotun da za ta yanke shi. Mutum ne zai tuhumi kansa, ko aminin da ke son shi da alheri ya faɗa masa. Abin da ke biyo baya shi ne nadama da sauya hali.

Na huɗu shi ne wanda ya danganta da zumuncin da ke tsakanin 'yan Adam baki ɗaya. Idan aka kashe wani a gaban mutum ko da saninsa, shi kuma bai sadaukar da duk abin da yake da shi don hanawa ba, to akwai wani nauyi da ke kansa, ko da doka da ɗabi'a ba su wajabta masa ya jefa ransa inda ba zai ceci kowa ba. Jaspers ya ce Allah kaɗai ke hukunci a nan, kuma abin da yake haifarwa shi ne ƙanƙan da kai. A wannan rukuni ya sa kansa.

Ƙin yi wa al'umma kuɗin goro

Jaspers ya yi watsi da ra'ayin cewa Jamusawa a matsayin al'umma masu laifi ne ta fuskar doka ko ɗabi'a. Al'umma ba mutum ɗaya ba ce, ba ta da zuciya ɗaya da za ta yi niyya. Ya tunatar da cewa irin wannan tunani na ɗora wa jinsi guda hali guda shi ne aka yi amfani da shi a kan Yahudawa ƙarni bayan ƙarni. Sai dai bai bar wa masu sauraronsa ƙofar tsira ta nan ba. Ya bi uzurorin da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya: tsoron 'yan sandan ciki, da zafin yarjejeniyar Versailles ta 1919, da wahalar da Jamusawa suka sha, da yadda ƙasashen waje suka yi hulɗa da Hitler, kamar yarjejeniyarsa da fadar Paparoma a 1933, da wasannin Olamfik na Berlin a 1936. Ya amince akwai gaskiya a cikinsu, amma ya ce laifin wani ba ya goge na mutum. A ƙarshe ya danganta batun da makomar ƙasar: al'ummar da ba ta yarda tana da alhakin abin da gwamnatinta ta yi ba, ba za ta iya riƙe 'yancin siyasa ba, domin 'yanci yana farawa ne daga jin cewa al'amuran ƙasa sun shafi kowa.

Martani da suka

Littafin bai samu karɓuwar da Jaspers ya sa rai ba a lokacin da ya fito. Masu kishin ƙasa sun ga kamar ya goyi bayan 'yan mamaya. Wasu daga ɓangaren hagu sun ce ya mayar da batun siyasa ya zama na tsarkake zuciya. Hannah Arendt, wadda ta tsere zuwa Amurka, ta rubuta masa a 1946 cewa ta'asar 'yan Nazi ta wuce abin da ma'aunin doka zai iya ɗauka. Ya amsa mata cewa a yi hattara kada a ba masu kisan wani girma irin na shaiɗan, gara a gan su a ƙanƙantarsu ta mutane gama-gari. Masana da yawa suna ganin wannan musaya ta yi tasiri a kan littafin da Arendt ta rubuta bayan shari'ar Adolf Eichmann ta 1961. Wasu masana na baya sun kuma lura cewa littafin ya fi magana a kan halin zuciyar Jamusawa fiye da waɗanda aka kashe.

Duk da haka rabe-raben nasa sun yi tasiri har wajen Turai. Frantz Fanon ya yi amfani da nau'i na huɗu a littafinsa na 1952 kan wariyar launin fata da mulkin mallaka. Bambancin da ke tsakanin laifin mutum ɗaya da alhakin 'yan ƙasa ya kuma zama abin da ake komawa gare shi idan ana batun diyya, irin wadda Jamus ta Yamma ta amince ta biya a yarjejeniyar Luxembourg ta 1952, inda ta yi alkawarin ba Isra'ila mark biliyan 3.

Sauran ayyukansa bayan yaƙi

Jaspers yana cikin malaman da suka sake gina Jami'ar Heidelberg. Tare da Dolf Sternberger da Alfred Weber da Werner Krauss ya kafa mujallar Die Wandlung a 1945. A watan Disamban shekarar, kwamitin Jami'ar Freiburg ya nemi ra'ayinsa kan Heidegger. Ya ba da shawarar a bar shi ya ci gaba da rubutu amma a dakatar da shi daga koyarwa na wasu shekaru.

A shekarar 1948 ya karɓi kujerar farfesa a Jami'ar Basel ya bar Jamus. Daga cikin dalilansa akwai rashin jin daɗin yadda jama'a ke gaggawar mantawa da abin da ya faru, da kuma nauyin da zama a ƙasar yake yi wa matarsa. Wasu Jamusawa sun zarge shi da guduwa. A Basel ya wallafa littafi kan asalin tarihi da manufarsa a 1949, inda ya nuna cewa tsakanin shekara ta 800 zuwa ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa manyan masu tunani sun bayyana a Sin da Indiya da Farisa da Falasɗinu da Girka ba tare da sun san juna ba. A 1958 ya fitar da littafi kan bam ɗin nukiliya da makomar ɗan Adam. Ya yi ritaya a 1961.

Bai daina sa baki a siyasar Jamus ba. A 1960 ya ce 'yancin mutanen Jamus ta Gabas ya fi sake haɗe ƙasar muhimmanci, kuma rabuwar tana cikin sakamakon yaƙin da Jamus ta tayar, maganar da ta jawo masa fushin jama'a. A 1965, da wa'adin shekara 20 da doka ta ɗiba na gurfanar da mai kisan kai ya kusa cika, ya yi hira da Rudolf Augstein na mujallar Der Spiegel, inda ya dage cewa kisan ƙare dangi ba ya tsufa. Majalisar dokoki ta tsawaita wa'adin, daga baya a 1979 ta soke shi gaba ɗaya ga laifin kisan kai. A 1966 ya wallafa littafi mai zafi kan inda Jamus ta Yamma ta dosa, yana sukar yadda tsofaffin 'yan Nazi ke riƙe da manyan muƙamai da yadda jam'iyyu suka mamaye mulki. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, ya kuma sha suka daga 'yan siyasa.

Lambobin yabo

Ya samu lambar Goethe ta birnin Frankfurt a 1947, da lambar zaman lafiya ta masu sana'ar littattafai na Jamus a 1958, inda Hannah Arendt ta yi jawabin yabo, da kuma lambar Erasmus a 1959.

Mutuwa

Jaspers ya zama ɗan ƙasar Suwizalan a shekarar 1967. Ya mutu a Basel ranar 26 ga watan Fabrairu, 1969, ranar da matarsa ta cika shekara 90 da haihuwa. An binne shi a maƙabartar Hörnli da ke kusa da birnin. Gertrud ta mutu a shekarar 1974.